Yaya Ake Cewa Gata da Turanci?

Kowane gida a zango yana da mutum ɗaya wanda ake kai wa takarda. In daga asibiti ta fito, shi ake nema. In ta kuɗin wuta ce ta zo da lissafin da ya ɗaure kai, shi ne. In hukuma ta manna sanarwa a bango, shi za a taso ko da barci yake yi. A gidanmu na Mamobi mu aka ɗora wa wannan aiki tun muna makarantar midil, kuma shekara da shekaru ba mu taɓa jin nauyinsa ba, don a ganinmu baki kawai muke ara wa takarda. Sai a shekarar 2023, ana saura 'yan makonni Babbar Salla, da aka sa ranar auren 'yar ƙanwarmu.

Yarinyar marainiya ce. Tana aji huɗu na firamare mahaifinta ya rasu, uwar ce ta riƙe ta da tukunyar shinkafa da wake, wannan da duk Ankara ke kira waakye, tashin ƙarfe uku na dare, hayaƙi a ido, har ta gama sakandare ta koyi ɗinki. Ran nan bayan la'asar aka aiko yaro ya kira mu tsakar gida. Muka tarar da Gwaggo a kan tabarma ta miƙe ƙafa, uwar yarinya tana tsintar wake, ita kuma amarya ta durƙusa ta miƙo mana waya. Wata mai shirya biki ce ta aiko mata da jerin abubuwan da ake yi wa amarya kafin a kai ta ɗakinta, duk da Turanci, an kasa shi kashi uku: na azurfa, na zinariya, da wani na sama da su. A kansa an rubuta "Luxury Bridal Pampering" da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashi kuma "Indulge yourself."

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ta ba tamanin baya, kuma alwanka ce tun muna yara. Amaren da ta wanke tsakanin Nima, Mamobi, Newtown da Sabon Zango, Allah kaɗai Ya san yawansu. Ba a kashe ko sisi a bikin gidanmu sai da yawunta. Ta dube mu ta ce, "Kai ɗan boko, karanta mu ji abin da ya hana yarinyar nan cin abinci."

To, gaskiya ɗaya ce. Kafin mu karanta ko kalma guda, idonmu ya riga ya sauka kan farashi. Na tsakiyar nan kawai, na zinariya, ya fi kuɗin hayar ɗaki na shekara a unguwarmu. Mun kuwa san inda kuɗin zai fito, adashin uwar ne, wanda da shi take sayen shinkafa buhu-buhu, a lokacin da kowa ya san halin da ake ciki, tun da a ƙarshen 2022 tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari, sidi ya zama kamar ganye a hannu. Saboda haka muka yanke hukunci tukuna, sa'an nan muka fassara. Muka gyara murya muka ce, "Gwaggo, an rubuta, almubazzaranci da sangartar da amarya. A ƙasa kuma an ce, ki bi son zuciyarki."

Gwaggo ta ce, "A'uzu billahi!" Uwar ta sunkuyar da kai. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mana ido ba ta ɗago ta ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah, ba haka aka rubuta ba." Ta karɓi wayarta ta shige ɗaki. Ta bayan labule muka ji ta tana cewa, da mahaifinta na da rai da ba a karanta takardar haka ba.

Daren nan ba mu runtsa ba. Muka ɗauko babban ƙamus muna neman shaidar da za ta wanke mu, kuma abin mamaki muka samu. Kalmar "luxury" daga Latin ta fito, inda take nufin wuce gona da iri, kuma shekaru ɗari shida da suka wuce in Bature ya faɗe ta sha'awa da fasiƙanci yake nufi, malaman coci ma suna lissafa ta cikin manyan zunubai bakwai. "Pamper" kuwa asalinta ɗura ce, a yi ta cusa wa mutum abinci har cikinsa ya ƙi. Har gobe in Bature zai ji da kai sai ya ce zai yi "spoiling" ɗinka, wato zai ɓata ka, kamar yadda mu ma muke cewa an ɓata yaro. Ashe su ma sun daɗe suna tuhumar jin daɗi, daga baya ne masu talla suka wanke kalmomin tas, suka shafa musu mai, suka rataye su a ƙofar shago. (Matan zango dai kafin wannan zamani "pamper" ɗaya suka sani, wato famfas ɗin jarirai.)

Muka rufe ƙamus muna jin mun ci nasara, amma nasarar ba ta kai asuba ba. Yarinyar ba Turancin shekara ɗari shida ta karanta ba, na yau ta karanta, kuma ta fi mu saninsa. Sa'an nan Hausa ba ta rage mu da komai ba da za mu ce dole ce ta sa muka zaɓi abin da muka zaɓa. Muna da kalmomin zargi, gaskiya ne: almubazzaranci, ɓarna, fankama, ƙaryar arziki, sangarta. Amma muna da alatu, muna da ƙawa, da ni'ima, da hutu, da jin daɗi. Muna da tarairaya da riritawa, muna da lele, wanda daga shi aka sami ɗan lele. Ko shagwaɓa ma, ai ba kullum take zama laifi ba, amarya da auta an yafe musu. Da mun ce "kayan alatu da tarairayar amarya" da mun fi kusa da abin da ke rubuce, kuma da Gwaggo ba ta nemi tsari ba. Kwanduna biyu ne a gabanmu, muka sa hannu cikin wanda zai biya mana bukata. Mai karatu, in kai ne mai karanta takarda a gidanku, ka san wannan hannun, ko ba ka faɗa ba.

Ba don mu kare kanmu ba, amma akwai dalilin da ya sa 'yan zamaninmu ke jin haushin waɗannan kalmomi. Mu Turancin da muka tashi da shi na kaya shi ne "essenco", sunan da aka laƙaba wa kayan masarufi a zamanin Acheampong, lokacin da madarar gwangwani, sukari, sabulu da kifin gwangwani sai an yi layi, sai kuma wanda ya san wani. Mun ga 1979 da soja suka rushe kasuwar Makola a kan zargin ɓoye kaya. Mun ga 1983, fari da gobarar daji, ga 'yan'uwa an koro su daga Nijeriya sun dawo da jaka a ka, har ƙashin wuyan mutum in ya fito don yunwa ana kiransa sarƙar Rawlings. A wancan lokaci in uwa ta fasa gwangwanin madara ta ɗiga maka a koko, ka san ko dai ba ka da lafiya ko kuwa ka ci jarrabawa. Alatun manyan mata kuwa sanannu ne, ana iya ƙirga su: turmin atamfa 'yar Holan, shadda, kwalbar Bintu Sudan a ƙasan akwati, da jeren kwanoni a kabad. Abu ne da ake ajiyewa, in rana ta ɓaci a fitar a sayar.

Yanzu fa? Ka tsaya a Circle ka duba, motar zuwa Kumasi ma VIP ce. Mai aski ya sa madubi biyu da fanka, ya zama "executive". Mai sayar da waakye ta zuba shi a roba mai murfi ta ƙara ƙwai, ya zama "special". Tun da aka buɗe Accra Mall a 2008, aka zo aka buɗe Kempinski a 2015, kalmomin da a da sai a otal irin na Labadi ake ganinsu suka gangaro har lungunmu, suka shiga wayar kowace yarinya. Wanda ya fi ba mu dariya, dariyar da ke ƙarewa da tsaki, shi ne allon dillalan gidaje: "executive chamber and hall self-contained". In ka cire masa riga, ciki da falo ne mai bayan gida a ciki. Wato abin da aka yi wa kirari shi ne ba sai ka ɗauki buta ka bi layin bayan gidan kuɗi da sassafe ba, kamar yadda da yawanmu a Nima da Mamobi muka tashi muna yi. A kan wannan kirarin mai gida zai nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa.

Ita kanta gwamnati ba ta tsaya wuri ɗaya a kan kalmar ba. A 2018 aka sa harajin "luxury" a kan motoci masu babban inji, daga lita 3 zuwa sama, masu motoci suka yi ca, shekara na zagayowa aka soke shi. Amma audugar mata, wadda babu 'yar da za ta je makaranta ba tare da ita ba, ta daɗe tana ɗauke da harajin shigowa na kashi 20 cikin ɗari, ga VAT a kai, har mata suka fito zanga-zanga a watan Yunin 2023 suna tambaya ko ita ma kayan alatu ce. Sai a kasafin kuɗin 2024 aka ɗauke VAT daga wadda ake yi a cikin ƙasa. Kalmar da ta sauka daga kan babbar mota cikin shekara ɗaya, ta yi shekaru a kan auduga, ai dole mutum ya riƙa yi mata kallon tsanaki. Mu dai abin da muka lura, "luxury" a garin nan ba ta da gindi, duk abin da maƙwabcinka ba shi da shi ana iya manna masa ita.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne ya sa yarinya kuka ba.

Da gari ya waye muka roƙe ta ta sake ba mu wayar, ta ba mu ba tare da ta dube mu ba. Muka karanta jerin a tsanake, abin da ya kamata mu yi tun jiya. "Spa", sunan wani gari ne a Beljiyam mai ruwan magani da Turawa ke zuwa wanka, a nan kuwa ɗaki ne da ake gyaran jiki. A cikinsa za a cuɗe fata da wani haɗi, irin wanda 'yan Maiduguri da Kano ke kira dilka. Za a zaunar da ita cikin tururi, wato sirace. Za a yi mata tausa. Za a wanke ta da baƙin sabulu, wato sabulun salo, a shafe ta da man kaɗe, wannan dai da matan Tamale da Wa da Bolga ke tsintar 'ya'yansa su daka su dafa, a kai Turai a zuba a ƙaramar kwalba ya dawo mana da sabon suna. Za a yanke mata farce, a sa mata lalle. Babu abu ɗaya a jerin da kakanninta ba su sani ba.

Bambancin yana cikin 'yar kalmar nan ta ƙasa, "yourself", kanki. A wurinmu amarya ba ta yi wa kanta komai. Kama ta ake yi a sa ta a lalle, tana kuka ana guɗa, ƙawaye su kewaye ta, alwanka ta yi mata wanka, gwaggwanni su dafa, iyaye su yi faɗa. Ba ta ɗaga ko tsinke. Wannan shi ne gata, kuma gata ba man shafawa ba ne, mutane ne. Ɗan gata shi ne wanda yake da mai tsaya masa, marar gata shi ne wanda in ya faɗi babu mai cewa sannu. Ko da Bahaushe ya ce ka yi wa kanka gata, ba wai ka je a matsa maka baya yake nufi ba, nufinsa ka koyi sana'a, ka nemi ilimi, ka tanadi abin da zai tsaya maka ran da babu kowa. Mun juya ƙamus gaba da baya muna neman kalmar Turanci ɗaya da za ta ɗauki gata gaba ɗayansa, kowacce muka ɗauko sai ta ɗauki rabi ta bar rabi.

A nan ne muka gane abin da yarinyar take saye. Ta duba ta ga gidan da a da ake cika shi mako guda ya watse. Wata inna tana Kasoa, wata Ashaiman, wata Madina, biyu suna Bronx sai dai su aiko da saƙon murya. Ƙawayenta masu aiki ne, babu mai ba su hutun kwana bakwai don ƙawa na lalle. Dangin ango kuwa akwai 'yan boga a ciki, za su zo da waya a hannu, duk abin da suka gani ya tafi duniya kafin magariba. Tsoronta kada a dubi fatarta da hotunanta a ce, ai marainiya ce. Tun da ba ta da tabbacin mutane, sai ta nemi abin da kuɗi ke iya tabbatarwa. Ita takardar ma da wannan tsoron take ciniki, shi ya sa aka kasa ta uku, don duk wadda ta ɗauki azurfa ta san akwai zinariya a samanta. Mu kuma da ya kamata mu zama shaidar cewa tana da mutane, sai muka tashi a gaban kakarta muka kira bukatarta sangarta.

Bayan azahar muka koma wurin Gwaggo muka ce jiya mun yi kuskuren karatu. Ta ce, "Kuskure ko son kai?" Muka yi shiru. Ta ce a kira yarinyar, a sake karantawa a gabanta, in mun karkace ta gyara mana. Haka aka yi, layi-layi, muna faɗa tana gyaɗa kai. Gwaggo tana ji tana tambayar kuɗin kowanne. Da aka zo kan tausa da man kaɗe ta sa aka maimaita mata farashin sau biyu, sa'an nan ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ashe shekara hamsin ina zaune a kan arziki, ana sallamata da turmin atamfa da goro da sabulu!" Can kuma sai fuskarta ta canza. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ke, ina raye za a biya wata ta wanke mini jika? Wannan ai aikina ne aka rubuta da Turanci."

Yarinyar ta ce, "Kaka, hannunki fa ba ya ɗaga guga."

Ta ce, "Bakina yana ɗagawa."

Ranar Laraba aka shiga kasuwar Nima aka sayo lalle, kurkum, sabulun salo, man kaɗe da turaren wuta, kuɗinsu duka bai kai na layi ɗaya a takardar ba. Gwaggo ta sa aka buga wa innar Kasoa da ta Ashaiman waya, ba ta roƙe su ba, ta dai gaya musu ranar da za su iso, suka kuwa iso. Kwana biyar aka yi, ba bakwai ba, tana zaune a kujera da sanda tana ba da umarni, su suna cuɗa, ƙawaye suna zuwa bayan an tashi aiki su kwana a tabarma. Mai kwalliyar fuska da mai hoto kam an ɗauko su daga waje, don wannan Gwaggo ta ce ba fanninta ba ne, kuma daga aljihunmu kuɗin ya fito, ba wanda ya ce mu biya, ba kuma wanda ya hana mu.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi daidai. Uwar ta bi ta bayanmu ta ɗauki rabin adashin ta kama kujeru masu farar riga da wata doguwar kujerar ango da amarya, waɗanda mai haya ya ce na VIP ne, sai da ta yi wata huɗu tana karɓar shinkafa bashi. Da muka yi mata magana ta ce, "Yaya, kai ka yi naka karatun, ni ma na yi nawa." Ba mu ƙara ba. Gwaggo kuwa ta sami sabon suna, yaran gida suna kiranta Hajiya Lakshari, tana amsawa, har takan ce duk mai son wanka ya zo da kuɗin zinariya.

A 2024 Allah Ya sauki yarinyar lafiya, ta dawo gida wankan jego, kwana arba'in ana dafa mata ruwa da ganye safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, ba ta taɓa ko wankin zanen jariri. Ranar suna muna zaune a ƙofar gida da baƙi, sai ga ta ta leƙo da takardar da aka ba ta a asibiti, ta allurar rigakafi, Gwaggo tana so a karanta mata ranakun. Muka gyara zama muka fara laluben tabarau a aljihu. Ta gaishe mu da ladabi, ta tambayi gajiya, sa'an nan ta wuce ta miƙa wa ƙanin mijinta.